Tallafin inshora ya zame min bashi

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake. Na je wajen mai cika min takardun haraji a nan Houston, Amurka, ina ta lissafin abin da za a dawo min da shi in tura wa Inna gida, sai ya karɓi fom ɗin 1095-A da aka aiko min a Janairu, mai nuna tallafin inshorar lafiya da gwamnati ta biya min, ya zuba lambobin cikin fom 8962 da ake lissafin tallafin da shi, ya ɗago kai ya ce Malam ai kai ake bi. Sama da dala dubu ɗaya! Ni da ko sau ɗaya ban kwanta asibiti ba bara.

Wai abin da ake nufi, ranar da ka yi rajistar Obamacare, wato tsarin inshorar lafiya mai tallafin gwamnati, ana tambayarka nawa za ka samu a shekara mai zuwa, da wannan kintacen gwamnati ke biya maka wani kaso na kuɗin inshora duk wata, kai tsaye ga kamfani, ko sisi ba ya biyowa ta hannunka. Lokacin haraji sai a auna da abin da ka samu na gaskiya, in ya haura ka amayo rarar tallafin. To don Allah mai tuƙin mota irina ya zai san abin da zai samu nan da wata goma sha biyu? Wani satin kasuwa ta yi kyau, wani satin ko kuɗin mai ba ka mayar ba. Na hana idona barci na riƙa aikin dare don in rufa wa kaina asiri, ashe bashi nake tara wa kaina.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne ejan ɗin da ya yi min rajista. Shi ya rubuta ƙaramin kuɗi don biyan wata ya yi arha, ya ce kar ka damu ɗan'uwa kowa haka yake yi, bai taɓa buɗe baki ya ce min in samu ya ƙaru in shiga in gyara ba. Yanzu kira uku na yi masa bai ɗauka ba. Haba! Wannan ai cin amana ne.

Kuma babu wajen gudu, ka tura takardunka ta intanet babu 8962 a dawo maka da su, ga 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta tura takardun haraji, na matsowa. A harajin 2020 an yafe wa mutane wannan biyan saboda korona, ashe ana iyawa in an so. Yanzu kuwa daga harajin 2026 an ma cire iyakar da ake sa wa abin da masu ƙaramin ƙarfi za su mayar, duk abin da ya haura sai ka biya cas.

Inna ta kira ni da safe tana tambayar saƙo, na ce mata ta ƙara haƙuri.