Na ba taubashina aron tafi-da-gidanka

Motar Hiace ce 'yar kwatano, mai dogon rufi, na saye ta na cire kujerun baya gaba ɗaya. Kafinta ya buga min gado da ɗan kabad, mai walda ya yi min kariya a sama, muka ɗora farantin sola mai wat 200. A ƙarƙashin gadon akwai batir na biyu mai amfiya 100, da inbata mai wat 1,000, da tankin ruwa na roba lita 60 da ɗan famfonsa. Tukunyar gas mai kilo 6 tana bayan ƙofa a ɗaure. 'Yan unguwarmu a Fadaman Mada suka sa mata suna tafi-da-gidanka, sunan kuma ya bi ta.

Wata takwas na yi ina haɗa ta, taubashina kuwa minti biyar ya ɗauka ya raba ni da makullinta.

Ɗan kawuna ne, don haka ni ne ɗan mace, ni ne bawa. Ya shigo ana gobe Juma'a ya ce, "Bawana, miƙo makulli, zan kai iyali Yankari kwana biyu." Na fara kame-kame, ya ce abin da bawa ya mallaka ai na ubangidansa ne. Uwargida tana daga ɗaki tana min tari irin na gargaɗi, na yi kamar ban ji ba. Na tambaye shi su nawa ne, ya ce su huɗu, shi da mai ɗakinsa da yara biyu.

Na tsayar da shi na yi masa bayani dalla-dalla. Motar tana da baki biyu a gefe: na fetur mai murfin ƙarfe, na ruwa mai farin murfi. Tsayinta da sola a kai ya kusa mita biyu da rabi, kada ya shiga ƙarƙashin abin da bai auna da ido ba. Inbatar ta fanka ce da fitila da cajin waya, ban da duk wani abu mai zafi. Akwai jan makulli kusa da kujerar direba da ke haɗa batir ɗin inji da na ɗaki, ana murɗa shi ne in inji yana aiki, a kashe shi in an tsaya. Duk abin da na faɗa sai ya ce, "To, to, na gane," idonsa na kan waya. Wanda ya ce maka ya gane kafin ka ƙarasa magana, to ka fara neman lambar bakanike.

Ranar Lahadi bayan la'asar na ji hon a ƙofar gida. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga suna fitowa, har da wata gwaggo da ban taɓa gani ba. Bayansu sai ga akuya ta diro. Ashe a dawowa sun ratse Alkaleri, an loda buhun masara uku a kan gadona. Bayan motar ya zauna har taya na shafar bodi, ganyen sifirin ɗaya na hagu ya karye. Mota irin wannan dama kayan da aka kafa mata sun riga sun cinye kaso mai yawa na nauyin da za ta iya ɗauka, ruwan tankin kaɗai kilo 60 ne, ga batir, ga katako. Mai aro kuwa fili yake gani, ba ya ganin nauyi.

Na leƙa ciki, warin fetur ya doke ni. Na buɗe famfo don in wanke hannu, abin da ya zubo ko ashana aka ƙyasta kusa da shi da yanzu ana zaman makokina. Wai wajen Dindima suka ga mai ya yi ƙasa, suka tsaya wurin 'yan bumburutu, taubashina yana ciki yana cin gyaɗa, yaron ya buɗe farin murfi ya juye galan biyu. Sai da suka yi tafiya suka ga allurar mai ba ta motsa ba, taubashina ya yanke hukuncin cewa allurar ce ta lalace. Tankin roba in ya sha fetur ya gama aiki. Ko ka wanke da omo sau goma warin ba ya fita, don robar tsotsewa take yi, kuma ba ruwan da za a sake sha ba ne. Tanki, tiyo, famfo, duk sai da na canza.

Maganar wuta ita ta fi min ciwo. Mai ɗakinsa ta tafi da dutsen guga, wai za a yi hoto a bakin Wikki, ruwan ɗumin nan da ke cikin Yankari, ba za a fita da kaya a yamutse ba. Dutsen guga mai wat 1,200 in ka jona shi a batir mai bolt 12, yana jan amfiya sama da 100 a lokaci guda. Inbata ta yi ta kuka tana ɗaukewa, suna kashewa suna kunnawa, har fis ya ƙone. Fis dai an sa shi ne don ya mutu a madadin wayar wuta. Taubashina, injiniyan dare ɗaya, ya samo zaren waya ya naɗa a gurbinsa. Robar babbar wayar ta narke ta manne da katakon gado, Allah ne kawai ya tsare. Batir ɗin ma suka tatse shi tas, alhali irinsa rabi ake ci a bar rabi. Tun daga ranar in ya cika da rana, kafin sallar isha'i ya sauka.

Da wuta ta ɗauke sai ya tuna da jan makullin nan. Ya murɗa, fanka ta dawo, kowa ya yi masa kirari. Suka kwana suna shan iska da batir ɗin inji. Gari ya waye mota ta ce ba ta san zancen ba. Daga Wikki zuwa ƙofar shiga Yankari da ke Mainamaji kusan kilomita 40 ne cikin daji, babu mai cajin batir. Gara ma da giyar hannu ce, aka sa gwaggo da yara turi.

Su kuwa biran Yankari, duk wanda ya taɓa zuwa ya san ba a bar musu taga a buɗe. Suna can suna iyo a ruwan ɗumin nan da ba ya sauka daga digiri 31 a ma'aunin Selshiyas, wani gwaggon biri ya shiga ya kwashe burodi da sukari, ya farke katifa yana neman ƙari, ya bar min shaida a kan filo. Farantin sola kuma reshen mangwaro ne ya tsaga gilashinsa a Alkaleri, lokacin da ake neman inuwa don loda masara.

Na ɗauko takardar inshora ina lallashin kaina. Irin ta dole ce, wadda tun farkon 2023 ta koma naira 15,000, kuma ita ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta san da taka motar ba. Da ma haya na ba shi na karɓi kuɗi, da nan ma wata rigimar ce, don takardar motar gida ba ta ɗaukar motar da aka sa a haya. Mai son bayarwa haya sai ya sauya takardu, ya rubuta yarjejeniya da adadin mutane da inda za a je, ya karɓi kuɗin ajiya, ya ɗauki hoton mota ciki da waje da awon mai kafin ta tashi. Ni ko lambar kilomita ban duba ba.

Bayan magariba na kai ƙara wurin malamin masallacinmu. Ya ce a mazhabar Malikiyya wanda ya ari abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabbar hawa, ba ya biya in ya lalace a hannunsa, sai in ya yi sakaci ko ya wuce abin da aka ba shi izini. Na ce, "Allah gafarta Malam, mutum huɗu aka ce, goma sha ɗaya suka hau, ga masara." Malam ya ce wannan kam ƙetare iyaka ne. Taubashina ya karɓi laifin sifirin da na waya, ya ce na fetur a nemi ɗan bumburutu, na katifa kuma a aika wa biri sammaci.

Da aka matsa masa ya ce shi ba shi da kuɗi a hannu, amma ya bar min akuyar. Tana nan ɗaure a bayan gida, shekaranjiya ta tsinke igiya ta shiga motar ta cinye labulen taga ɗaya. Jiya kuma sai ga saƙonsa, wai in hanzarta gyaran, bayan Sallah zai kai su Dadin Kowa ganin dam, kuma wannan karon in sa musu babbar inbata.