Shekara 5 muna haddar kasuwanci, ba a taɓa kai mu kasuwa ba

Na shiga jami'a a farkon shekarar 2020 domin in karanta harkokin kasuwanci da gudanarwa, digirin da takardar gurbin karatuna ta ce na shekara 4 ne. Ba zan ambaci sunan makarantar ba. Ya isa a san cewa babbar jami'a ce ta gwamnatin tarayya a Arewa, mai dubban ɗalibai da ƙatuwar ƙofa wadda iyaye ke tsayawa a gabanta su ɗauki hoto ranar rantsar da sababbin ɗalibai. Makonni kaɗan muka yi aka sallame mu saboda annobar korona da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wanda ya fara a watan Maris bai ƙare ba sai Disamba. A 2022 aka sake tafiya, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cif. Wannan asarar kowa ya san da ita, an yi ta cece-kuce a kanta a rediyo da jaridu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba na jin ana maganarsa, shi ne abin da aka ba mu da sunan ilimi a watannin da makarantar take buɗe.

A aji ɗaya da aji biyu, akwai darussan da ake haɗa mu da 'yan sashen akanta da na tattalin arziki a ɗakin lacca guda, mu haura 500. Idan laccar ta ƙarfe 8 ce, wanda bai iso da ƙarfe 6 da rabi ya ajiye littafi a kan kujera ba, to wurinsa bakin taga ne ko kan dakali a waje. Lasifikar ɗakin ta mutu tun kafin mu zo, fanka kuma ko akwai wuta ba ta juyawa, saboda haka a watan Afrilu za ka ga mutane suna fifita da handawut, malami yana can gaba yana motsa baki, layi 5 na farko ne kaɗai ke jin abin da yake faɗa. Sauranmu mukan jira a tashi, mu ari littafin wanda ya ji, mu kwafe har da kurakuransa. Ƙa'idar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta shimfiɗa wa irin fanninmu ita ce malami 1 ga ɗalibi 30. Mu a wurinmu, malamin da ya san sunan ɗalibi 30 a ajin ma abin a jinjina masa ne.

Da abin da ake karantawar sabo ne, da mun daure wa cunkoson. Amma akwai malamin da yake shigowa da wani littafin rubutu wanda takardunsa suka yi jawur saboda tsufa, ya buɗe, ya yi ta shifta muna rubutawa, awa 2 ba tambaya ba misali. Mun haddace ƙa'idojin gudanarwa 14 na Bafaranshen nan Henri Fayol, waɗanda ya wallafa a 1916. Mun haddace ra'ayin Frederick Taylor na 1911 da matakan buƙatun ɗan Adam na Maslow, mun zuba su a jarrabawa a aji ɗaya, mun sake zubawa a aji biyu, muka kuma haɗuwa da su a aji uku da wani sunan kwas daban. Ban raina waɗannan mutane ba, tushe ne kuma dole a san shi. Sai dai wanda aka ce zai gina gida, ya shekara 4 yana zagaya tushe, ai a rana zai kwana.

Ga misalin da har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. A kwas ɗin dokokin kamfani, takardar da aka sayar mana ta ce ba a kafa kamfani sai da mutum 2 aƙalla, domin a kan tsohuwar dokar 1990 aka rubuta ta. Alhali tun a watan Agustan 2020 aka sa hannu a kan sabuwar dokar kamfanoni, wadda ta ba mutum guda damar yin rajistar ƙaramin kamfani shi kaɗai. Wani ɗan ajinmu ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Malam, na ji an ce dokar ta canza." Amsar da ya samu ita ce, abin da ke cikin handawut shi za a duba a jarrabawa, wanda kuma ya ga dama ya rubuta nasa. Haka muka zauna muka rubuta abin da muka san ba daidai ba ne domin mu ci maki. A wata takardar kuma ana lissafin harajin VAT a kan kashi 5 cikin 100, shekaru bayan an mayar da shi kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020.

A farkon 2023 canjin takardun naira ya jefa ƙasar nan cikin ƙuncin rashin tsabar kuɗi, mutane suna kwana a layin banki, masu POS suna sayar da naira da naira, manoma a ƙauye suna karyar da amfaninsu ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki farashin naira, kuɗin mota da na kaya suka yi tashin gwauron zabo. Duk ɗalibin kasuwanci a lokacin yana zaune ne a tsakiyar darasin da babu littafin da zai ba shi irinsa. Mu kuwa a aji, ko sau ɗaya ba a ajiye tsohon littafin nan an ce mu tattauna abin da ke faruwa a bakin ƙofar makaranta ba.

Ranar da na gane girman ramin da aka bar ni a ciki, ina hutun aji uku ne. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, kuma da ribar buhu yake biya mini kuɗin makaranta. Ya sayi riɗi da kaka da jarin wani abokinsa bisa sharaɗin a raba riba, ya ajiye a sito wata 5. Sai ya miƙo mini littafinsa ya ce, "Manaja, ga kuɗin saye, ga la'adar dillali, ga kuɗin mota da na 'yan dako, ga hayar sito. Idan an sheƙe shi zai rage nauyi. Duba mini, in sayar yau ko in ƙara jira?" Na riƙe biro na fi minti 20 ina jan layi, ina neman inda zan sa abin da aka koya mini, ban samu ba. Yaron shagonmu, wanda ko sakandare bai gama ba, ya karɓi littafin ya danna wayarsa, ya faɗi nawa kowane buhu ya tsaya, ya faɗi farashin da in an sauka ƙasa da shi faɗuwa ce, ya ware rabon mai jari. Baba bai yi faɗa ba. Kallona kawai ya yi ya ce, "To wai me ake koya muku a can ne?" Na ce masa ba mu zo wurin ba tukuna, kuma har na rubuta jarrabawar ƙarshe ba mu zo ba.

Babbar kasuwar garin da jami'armu take, kuɗin adaidaita sahu ɗaya ne tsakaninta da ƙofar makaranta. Akwai attajiran da suka fara da talla suka tara shaguna, akwai tsarin yaro da maigida har zuwa ranar sallama, akwai adashi, akwai bashin da ake bayarwa a kan amana ba takarda, akwai masu kai kaya Nijar da Chadi da Kamaru. Ba a taɓa gayyato ko ɗaya daga cikinsu ya tsaya a gabanmu ba, ba a kuma taɓa tura mu mu zauna a shago mako guda mu rubuto abin da muka gani ba. Misalanmu duka na kamfanonin Amurka ne da aka kwafo daga littattafan da ɗakin karatunmu ma ba shi da sabon bugunsu.

Kwas ɗin kwamfuta a allo aka yi mana shi. Malami ya zana akwatunan Excel da alli, ya rubuta yadda ake tara lambobi, muka kwafe a littafi. Ɗakin kwamfuta yana nan, kullum a kulle, wai babu man janareto. Sau ɗaya na gan shi a buɗe, makon da tawagar masu tantance kwasa-kwasai za ta zo. An yi fenti, an kwaso kwamfutoci daga wasu ofisoshi an jera, an shigo da sababbin kujeru da tukwanen fure, har aka zaɓi ɗaliban da za su zauna a gaban na'urorin kamar kullum haka ake yi. Baƙin suna juya baya aka kwashe komai. Kitso da ƙwarƙwata ke nan, kuma mu ne kan da aka yi wa.

Shi kuwa kwas ɗin koyon sana'a da dogaro da kai, wanda aka wajabta wa kowane ɗalibi, an karɓi kuɗin kayan aiki a hannunmu, aka tara mu a fili muna leƙe ta kafaɗar juna, wata mata ta haɗa sabulun ruwa a cikin bokiti guda, aka ce mu tafa. Ba a nuna mana yadda ake rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba, balle yadda ake sa wa sabulun farashi.

Ba na ɗora laifin duka a kan malamai. Akwai waɗanda na ga suna sayen alli da kuɗin aljihunsu, akwai wanda yake duba kundin binciken ɗalibai fiye da 20 shi kaɗai, kuma tun yarjejeniyar 2009 suke ja-in-ja da gwamnati a kan albashi da kayan aiki. Amma a 2023 an ninka mana kuɗin rajista kamar yadda aka yi a jami'o'in tarayya da dama, wasu 'yan ajinmu suka ajiye karatun, wasu sai da bashin karatu na asusun NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 suka ƙarasa. A rasit ɗin da muke biya akwai kuɗin intanet, akwai na ɗakin karatu, akwai na kwamfuta, kowace shekara. A lokacin, kamfanonin ƙasar nan ma suna biyan harajin ilimi da ake zubawa a asusun TETFund domin manyan makarantu. Mu da aka koya wa cewa duk kuɗin da ya shiga sai an nuna inda ya fita, muna da haƙƙin mu tambayi inda kuɗin lasifika guda ɗaya ya maƙale.

Yanzu na gama, amma ban fita ba. Sakamakon wani kwas da na rubuta tun a aji biyu ya ɓace. Na sa hannu a takardar halartar jarrabawar, sunana yana nan, lambata tana nan, makin ne babu. Jami'in jarrabawa ya tura ni wurin kodinetan aji, shi ya tura ni wurin malamin kwas ɗin, aka ce ya tafi ƙaro karatu ƙasar waje, takardun kuma suna cikin wani kwali a ɗakin da ba a san wanda ke riƙe da makullinsa ba. Na rubuta wasiƙar koke sau 3, kowacce da kwafi 4, a sashen da ya koya mini muhimmancin adana bayanai da kyautata wa abokin ciniki har na ci maki mai kyau a kai. Abokan karatuna sun tafi bautar ƙasa, ni kuma an ba ni shawarar in sake biyan kuɗin rajista in maimaita kwas ɗin, wai ya fi sauƙi. Na ƙi, domin ban san da wane baki zan roƙi Baba kuɗin jarrabawar da na riga na rubuta ba. Jiya na sake hawa mota na je da fayil ɗina, na zauna a kan benci daga ƙarfe 9 har aka kira la'asar, sannan sakatare ya leƙo ya ce shugaban sashe yana taro, in dawo ranar Litinin.