Allon da babu mai iya karantawa a gidan

Wancan karon da harkar kashu ta kai ni Biyetnam ban yi lissafi daidai ba, na sauka ana saura kwana biyar Tet, bikin sabuwar shekararsu ta lissafin wata. Wanda ya taɓa shiga Kantin Kwari ranar jajiberin sallah yana neman a zauna a yi masa lissafin bashi ya san irin kallon da aka yi mini. Masana'antu na sallamar ma'aikata su tafi hutu, jiragen ƙasa sun cika maƙil, kowa ya nufi garinsu. Abokin harkata ɗan arewacin ƙasar ne, neman abinci ya kai shi kudu. Ya ce babu maganar kuɗi sai bayan biki, in ba ni da wurin zuwa in biyo shi gidan mahaifinsa, wani ƙauye kusa da Hanoi. Na bi shi, don zaman otal kai kaɗai a garin da kowa ya watse ba daɗi.

Abin da na gani a falon gidan nan shi ya sa nake wannan dogon rubutu. A jikin bangon da ke kallon ƙofa akwai wani dogon teburi, a kansa hotunan iyaye da kakannin da suka rasu, da kaskon turaren tsinke, da faranti mai 'ya'yan itace kala biyar, da ƙullin shinkafar nan mai kusurwa huɗu da suke naɗewa a ganye, banh chung. Tun a mota aka gaya mini akwai naman alade a cikinta, don haka aka dafa mini kifi daban. Ni Musulmi ne, da suka tashi sunkuya wa hotunan na koma gefe, ba wanda ya ɓata rai. Daga gefen ne idona ya kai kan wani allon katako da ke rataye can sama, jan fenti, da manyan haruffa huɗu masu ruwan zinare irin na Sinawa. Na tambayi abokina me aka rubuta.

Mutumin nan ya haura hamsin, yana da digiri, yana karanta kwantiragi da Turanci. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wata magana ce a kan albarkar kakanni. 'Yarsa ta ɗauki hoton allon da waya wai ko na'ura za ta fassara mata. Tsohon gidan ya yi dariya, ya shiga ɗaki ya fito da wani littafi naɗe cikin ƙyalle, takardunsa sun yi ja don tsufa. Salsalar gidansu ce, sunayen kakanni da ranakun rasuwarsu, waɗanda da su ake sanin ranar da za a yi wa kowane mamaci girki a tara dangi. Ya ce ƙanin mahaifinsa ne na ƙarshe da ke iya karanta shi. Bayan rasuwarsa sai da suka kai wa wani masani ya juya musu shi zuwa rubutun yau, suka biya.

Ƙasar nan ta yi wajen shekara dubu a hannun sarakunan Sin, sai a 938 Ngo Quyen ya karya rundunarsu a kogin Bach Dang. Sinawa suka tafi, rubutunsu ya zauna. Da shi ake mulki, da shi ake jarrabawar ɗaukar ma'aikatan sarki tun daga 1075. Daga baya malamansu suka lanƙwasa haruffan Sin ɗin don su ɗauki harshensu na gida, suka kira shi Nom. In kun ji wannan ya yi muku kama da labarin ajami, ni ma haka na ji. Da Nom ɗin Nguyen Du, wanda ya rasu a 1820, ya rubuta waƙar Kieu mai layi 3,254, wadda har yau tsofaffi ke jawo baitocinta a hira kamar yadda muke jawo karin magana.

Rubutun da suke amfani da shi yanzu kuwa 'yan mishan ne suka ƙirƙiro shi da haruffan boko. Limaman Fotugal suka fara, wani Bafaranshe Alexandre de Rhodes ya buga ƙamus da shi a Roma a 1651. Ya daɗe a cikin coci kafin Faransa ta mamaye ƙasar ta shigar da shi ofis da makaranta. Jaridar farko da shi ta fito a Saigon a 1865. A 1919 aka yi jarrabawar ƙarshe ta tsohon tsari, daga nan wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haddar haruffan Sin ya rasa inda zai kai iliminsa.

Sai dai kada a yi saurin cewa Bature ne ya ƙwace musu rubutu. Masu yaƙi da Faransa ɗin su suka fi kowa rungumar bokon. A 1907 wasu malamai 'yan kishin ƙasa suka buɗe makarantar Dong Kinh Nghia Thuc a Hanoi suna koyar da shi kyauta, Faransawa suka rufe ta ba ta cika shekara ba. Ho Chi Minh ya ayyana 'yanci ran 2 ga Satumba 1945, ba a yi mako guda ba gwamnatinsa ta kafa hukumar yaƙi da jahilci. Dalilinsu a fili yake. Nom sai ka fara sanin rubutun Sin, haruffa dubbai, aikin shekaru, ɗan manomi ba shi da wannan sararin. Boko kuwa wata biyu ko uku ya isa mutum ya fara haɗa baƙi. Kuma tun farko an yi masa gyaran da mu ba mu yi wa namu ba, rubutun na nuna karin sautin kowace kalma. Kalmar ma kaɗai, gwargwadon alamar da ke sama ko ƙasanta, ko rashinta, tana iya zama fatalwa, ko kunci, ko kabari, ko dashen shinkafa. Mu kuwa mu rubuta fari, mu bar mai karatu ya laluba ko launi ne, ko rashin ruwan sama, ko na ido.

Don haka ban ga laifinsu ba. Sun sayi karatun talaka, sun biya da rubutun kakanni, kuma cinikin ya yi riba: mai tallan miya a bakin titi tana karanta jarida tsakanin kwastoma da kwastoma. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da tsohon rubutun ya koma.

Rana ta uku ga biki suka kai ni Van Mieu a Hanoi, tsohon wurin bauta da karatu da aka gina a 1070, wanda hoton wani gininsa ke bayan takardar kuɗinsu ta dong 100,000. A ciki akwai allunan dutse 82, kowanne a kan bayan kunkurun dutse, ɗauke da sunayen waɗanda suka ci babbar jarrabawa tsakanin 1442 da 1779. 'Yan makaranta na ta ɗaukar hoto a gabansu, sunayen kuwa sai dai su kalla. A waje an jera rumfuna, tsofaffi sanye da doguwar riga da rawani suna zaune da buroshi da baƙar tawada da jar takarda. Mutane na bin layi. Ka faɗi abin da kake so a sabuwar shekara, albarka ko arziki ko tsawon rai ko haƙuri, tsoho ya zana maka harafi ɗaya, ka biya, ka kai gida ka rataye. Na ga wata mata ta karɓi nata da hannu biyu, ta sunkuya, sannan ta tambayi tsohon ina ne sama ina ne ƙasa. Girmamawa dai ba a magana. Amma ba mai rubuta wa ɗansa wasiƙa da shi, ba mai rubuta bashi da shi. Masu karanta shi sosai 'yan ƙalilan ne, a cibiyar nazarin Han (rubutun Sin) da Nom da ke Hanoi da jami'o'i da wasu wuraren bauta.

Ina tsaye a wurin na tuna rigimar da muka yi a 2007 da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, da wadda aka sake yi a 2014 kan sabuwar naira ɗari. Na yi fushi a lokacin kamar kowa, kuma har yanzu ina ganin ba a kyauta ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, jama'a: cikin masu kumfar bakin nan mutum nawa ne suka rubuta ko da layi biyu na ajami a shekarar? Muna so a bar mana shi a jikin kuɗi kamar yadda matar can ke son harafinta a jikin bango.

Kuma uzurin da Biyetnam ke da shi mu ba mu da shi. Nasu haruffa dubbai ne, namu duk yaron da ya yi makarantar allo ya riga ya san baƙaƙensa da wasullansa, abin da ya rage a nuna masa 'yan ƙare-ƙaren da Hausa ke buƙata. Har yanzu akwai dattawa a kasuwanninmu da littafin bashinsu da ajami yake, akwai masu rera waƙoƙin wa'azi daga takardun ajami. Ba cewa nake a bar boko ba, da shi nake wannan rubutu. Cewa nake wanda ya iya biyun ya riƙa aiki da biyun, tun ana samun wanda za a tambaya a cikin gida ba sai an biya wani masani ba.

Da na dawo na sa aka buɗe mini adakar kakana. Akwai wasiƙun da ya riƙa aiko wa kakata daga Gwanja lokacin fataucin goro, da wata takardar rabon gona. Na zauna da tabarau ina ji da kaina. Layin gaisuwa ya tafi sumul, na biyu na yi ta tuntuɓe, a na uku na tsaya cak kan wata kalma da na kasa gane ko sunan gari ce ko sunan mutum. Babban ɗana, wanda ya sauke Alƙur'ani bara, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Baba, wannan Larabcin wane iri ne?" Na mayar da takardun cikin leda. Yayar mahaifina tana nan da ranta a Gwarzo, idonta ya yi rauni amma tana gani da rana, ranar Asabar ni da yaron za mu kai mata.