Gaisuwar mutuwa da ɗan yatsa

Jiya bayan la'asar aka sa sanarwar rasuwar gwaggonmu a gurup ɗin dangi na WhatsApp. Can Tawa ta cika, mu muna nan Yamai. Ban gama salati ba sai ga ƙanena ya jera 😂 har uku. Na kira shi raina a ɓace, wai "Yaya, ai kuka ne, ba ka ga hawaye ba?" Hawayen dariya ne, yaro! Ta kukan ga ta nan 😭. Rashin sani ya fi dare duhu, alhali ga wurin nema nan cikin allon rubutu, ka buga sunan abin da faransanci ya fito maka.

Shi dai kuskure ya yi. Waɗanda suka fi ƙona mini rai su ne masu danna 🙏 su wuce. Matar da ta goye ku, ta ba ku fura da hannunta, abin da ta samu ke nan? Wani ma 👍 ya sa, sai ka ce an faɗa masa farashin buhun hatsi. "Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri" kalma nawa ce? Ku da ke kwana a fada kuna shayi, kuna ƙone jika guda kan bidiyon rawa, sai kiran minti biyu ne kuɗi ba su kai ba.

Ban ce emoji haramun ne ba, ni ma ina sawa. Wani ɗan Japan, Shigetaka Kurita, ya zana guda 176 a 1999 don ƙananan salula masu ɗaukar gajeren saƙo: rana, laima, mota, zuciya. Bai yi su don zaman makoki ba. Ko duba su ba ku yi kafin ku aika; ranar 3 ga Agusta na ga masu taya Nijar murna da tutar Indiya, don launin ya yi kama.

Ƙannena, zumunta a ƙafa take. Da, in aka yi rashi a Tawa, baba kafin asuba yana tasha, ya yini a mota, ya zauna kan tabarma har sadakar uku. Wanda bai samu zuwa ba ya aiko da goro da baki. Yau mijin marigayiya, tsoho mai fama da ido, ya miƙo wa jikarsa salula yana tambaya wa da wa suka yi gaisuwa. Yarinya ta duba, ta ce: "Kaka, hannuwa ne kawai."