Kukan injin tsohuwar mota ba ciwo ba ne

Jiya a gareji na ji wani saurayi yana roƙon bakanike: "Oga, don Allah ka sa mata manyan tayoyi, kukan injin nan a hanyar Zariya ya ishe ni." Tsohuwar Starlet ce mai giya huɗu, lafiyarta ƙalau. Wallahi abin ya dame ni, domin da kuɗinsa zai sayo mata ciwo.

Jama'a, ƙaramin inji ba shi da ƙarfin ja sai ya yi juyi da yawa. Shi ya sa waɗanda suka ƙera irin waɗannan motoci suka gajarta musu giya, don su iya tashi da mutum biyar da kaya. A gudun kilomita 100, injin yakan juya wajen sau 3,500 zuwa 4,000 a minti. Haka aka yi shi. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, yawancinta giya huɗu ce, ta kuma yi shekaru tana jigilar fasinja daga Kano zuwa Legas da wannan kukan.

Giya ta biyar, mai rage juyin inji a doguwar hanya, ta yaɗu ne bayan tsadar man fetur da aka yi a duniya a 1973 da 1979. A wasu tsofaffin Golf ma harafin E aka rubuta a kan sandar giyar maimakon 5, wato giyar tsimin mai, ba ta gudu ba.

Babbar taya tana rage juyin inji kaɗan, gaskiya ne. Amma maleji zai fara yi maka ƙarya, yana nuna 100 alhali ka wuce nan. Motar ta yi nauyi wajen tashi, kuloci ya riƙa shan wuya. Mafi muni, ka iso hawa da lodi, ka taka totur har ƙasa, injin na nishi yana kakkarwa, kana jin ƙarar nan kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani. Wannan ne ke cin inji, shi da tsohon baƙin mai da lagireto marar ruwa.

Na kira yaron gefe na ce: "Ƙanena, bar tayarka yadda take. Ka tsaya a 90, ka duba baƙin mai kafin ka fita, in ka tsaya a Kwanar Dangora ka leƙa ƙarƙashinta ko tana ɗiga." Ya yi shiru yana kallon tayoyin da bakaniken ya riga ya jingine a bango, sannan ya ce zai yi shawara.