'Yar tsanar da ta kife a hoto na 70

Duk mai son yin fim da 'yar tsana, irin wanda ake ɗaukar hoto, a ɗan motsa mata hannu, a sake ɗauka, da ƙwarangwal na waya ake farawa. Ni kuwa da kan 'yar tsanar na fara, na ɓata kwana biyu ina gyara hanci da gira.

Da na zo ƙwarangwal sai na warware hangar rataye kaya. Wayar ƙarfe ce, in ka lanƙwasa ka saki sai ta ɗan koma baya, a fim ka ga hannu na karkarwa kamar mai zazzaɓi. Na jefar, na nemo wayar alminiyam mai kaurin milimita 1.5, wadda ke tsayawa inda aka bar ta. Ga 'yar tsana mai tsawon santimita 20, ana haɗa sili biyu ko uku a murɗe su da injin huji, a hankali. Ni kuwa na danƙe wuyan hannun da filaya har haƙoranta suka fito a jiki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai ƙasusuwa. Ana kwaɓa epoksi, wani irin gam mai kauri da ke sandarewa, a manna a cinya, ƙauri, damtse da ƙirji, a bar kamar santimita ɗaya na waya tsirara a kowace gaɓa don ta lanƙwasu. Hankalina na kan waya, ta hannu nake nufi, na shafe ƙafar hagu tun daga ƙugu har idon sawu. Kafin in farga ya sandare. Na ce ba komai, a labarin ma gurguwa ce.

Na naɗa soson katifa da gam, na rage shi da almakashi, na ɗora kai. Ka'ida ita ce a dunƙule takardar alminiyam a ciki, a lulluɓe da yumɓun roba kaɗan don kada ya yi nauyi. Nawa yumɓu ne zalla. Ana kuma binne noti a tafin kowace ƙafa, a huda tebur, a ɗaure daga ƙasa don kada ta faɗi. Na dubi teburina, na ji tausayinsa.

A fim ɗina, hoto 12 ne ke ba da daƙiƙa ɗaya. Ina ta fama da hannu, fitila mai zafi na ta tausasa yumɓun, wuya na sunkuyawa kaɗan-kaɗan ban lura ba. A hoto na 70 ta kife rub da ciki, hancin kwana biyu ya baje. Na kama hannunta in ɗaga, ya ɓalle daidai inda filaya ta ciza.

Na kunna wa ƙanwata abin da ya samu, bai kai daƙiƙa shida ba. Ta kalla sau biyu, ta ce, "Yaya, gyangyaɗin nan ya yi kyau sosai, yaya ka yi shi?"

Na ce sirrin sana'a ne, na tashi neman injin huji.