Nasiha Ga Ƙannenmu Masu Karatu a Amurka Kafin Su Karɓi Tayin Ƙungiyar 'Yan'uwantaka

Assalamu alaikum, ƙannena da Allah Ya buɗe wa ƙofar karatu a jami'o'in Amurka, da waɗanda ke shirin tafiya. Nasihata a kan abu guda ce, wanda zai tarye ku tun ba ku gama sanin hanyar aji ba, wato makon da ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai maza ke neman sababbin mambobi. A ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, a wasu jami'o'in kuma sai Janairu, za ku ga an jera tebura a farfajiyar makaranta, ga samari sanye da riguna iri ɗaya masu ɗauke da haruffan Girkanci biyu ko uku, suna gasa nama, suna gayyatar mai wucewa zuwa gidansu. Yaron da ya baro Kano ko Zariya ko Maraɗi kwanan nan, bai san kowa ba, abinci bai karɓe shi ba, idan aka dafa kafaɗarsa aka ce masa irinsa ake nema, dole zuciyarsa ta karkata, kuma ban ga laifinsa a nan ba. Abin da nake tsoratar da ku shi ne ku amsa tun ba ku san abin da kuka amsa ba.

Adalci ya sa in fara da cewa waɗannan ƙungiyoyi ba a ɓoye suke ba. Jami'a ta san da su, suna da rajista, da yawansu suna da manyan gidaje a gefen makaranta, kuma sun daɗe. An kafa Phi Beta Kappa a Kwalejin William da Mary a 1776, sannan irin waɗanda ake gani yau suka soma da Kappa Alpha Society a Kwalejin Union da ke jihar New York a 1825. Baƙaƙen fata, da aka ƙi karɓar su a na Turawa, sun kafa Alpha Phi Alpha a Jami'ar Cornell a 1906, kuma Martin Luther King da Alƙali Thurgood Marshall duk 'ya'yanta ne. Suna tara kuɗin taimako, tsofaffin mambobi sukan yi wa ƙannensu hanyar samun aiki, kuma akwai waɗanda suka shiga suka fito lafiya da abokan arziki. Duk wanda ya ce muku babu wani amfani a cikinsu bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai makon neman mambobi ba ya nuna muku yadda gidan yake. A jami'o'i da yawa doka ta hana fito da giya a wannan makon, saboda haka gidan da kuka shiga kuka tarar an share, ana wasan ƙwallo a tsakar gida, ana miƙa muku lemo, an shirya shi ne domin idonku. Bayan kwanakin gaisuwa da cin abinci, mambobi sukan zauna su kaɗa ƙuri'a a kan kowane baƙo, wanda suka yarda da shi a miƙa masa tayi. Karɓar tayin ba ya mayar da mutum cikakken mamba. Yana shigar da shi ne zaman gwaji na makonni, kuma a wannan zaman ne ake yin abubuwan da ba a ambata a bakin tebur ba: sharar gida bayan shagali, aike da tsakar dare, haddar sunayen magabata, tashi daga barci a duk lokacin da wayar babba ta shigo, da wulaƙancin da ake cewa gwajin juriya ne. Wanda ya ci naman makon farko yakan ji nauyin ja da baya, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma masu gayyatar sun san da wannan nauyin sarai.

Ina so ku tsaya a kan abin da ya faru a Jami'ar Jihar Pennsylvania a daren 2 ga Fabrairu, 2017, domin kyamarorin gidan sun ɗauki kusan komai. Timothy Piazza, ɗan shekara 19 mai karatun injiniya, ya je bikin karɓar tayi a gidan Beta Theta Pi, gidan da a takarda aka ce ba a shan giya a cikinsa. Masu gabatar da ƙara sun ƙirga cewa an ba shi giya sau 18 a cikin minti 82. Ya faɗo daga matakalar da ke gangarawa ɗakin ƙasa, aka ɗauko shi a sume aka shimfiɗe a kujera. Waɗanda suka kira kansu 'yan'uwansa suka watsa masa ruwa, suka mammare shi, suka goya masa jaka mai nauyi don kada ya juya rigingine ya shaƙe da amai. Wani sabon mamba ya ce a kai shi asibiti, sai aka hankaɗe shi jikin bango aka ce ya bar wurin. Cikin dare yaron ya riƙa tashi yana tangaɗi yana sake faɗuwa, kansa na buguwa da ƙasa, mutane na wuce shi. Ba a kira motar asibiti ba sai ƙarfe 10:48 na safe, kusan awa 12 bayan faɗuwar farko, kuma ya rasu ranar 4 ga Fabrairu da rauni a ƙwaƙwalwa da fashewar saifa.

Ba giyar ce ta fi tsaya mini a rai ba, waɗannan awannin ne. Samarin da ke gidan ba mahaukata ba ne, ɗalibai ne 'ya'yan mutane, kowannensu da waya a aljihu, kuma lambar kiran gaggawa, wato 911, alƙaluma uku ce kacal. Abin da ya riƙe hannunsu shi ne tsoron kada a rufe gidan, kada sunan ƙungiya ya ɓaci, kada a ce wane ne ya tona asiri. An koya musu tun ranar farko cewa abin da ya faru a gida ba ya fita waje, sai wannan koyarwar ta yi aiki a daren da ba a so ta yi. Saboda haka idan ana yi muku bayanin 'yan'uwantaka ta har abada, tambayar da za ku yi wa kanku ita ce wannan: ranar da mutuncin ƙungiya da rayuwata suka ci karo, wanne waɗannan mutane za su zaɓa? Kuma ba a gida ɗaya abin ya tsaya ba. A Satumban 2017 ɗin Max Gruver, ɗan shekara 18, ya rasu a Jami'ar Jihar Louisiana bayan an sa shi shan barasa a duk lokacin da ya kasa amsa tambaya a kan tarihin ƙungiya. A Maris na 2021 Stone Foltz ya rasu a Jami'ar Bowling Green da ke Ohio bayan an miƙa masa kwalba guda ta barasa mai ƙarfi a bikin haɗa sabon shiga da yayansa na ƙungiya.

Na san amsar da yawancinku za su bayar, cewa su ba sa sha, kuma an tabbatar musu babu mai tilasta musu. Mai yiwuwa ne wanda ya faɗi haka da gaske yake. Amma ku yi tunanin aikin da ya rage wa sabon shiga marar sha a gidan da ake sha. Shi ne direban dare, shi ne mai tsaron ƙofa, shi ne mai ɗauko kwalaye daga mota, shi ne mai tallafar wanda ya faɗi, kuma kuɗin da yake biya yana cikin abin da ake haɗa shagalin da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsaya a kan mai sha kaɗai ba, ya haɗa da mai ɗaukarta da mai shayar da ita, ya kuma hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ga 'yan'uwanmu Kiristoci ma, da duk wanda ba ruwansa da wannan hujjar, akwai ta duniya: mutumin da hankalinsa ke jikinsa a daren da abu ya lalace shi ne wanda 'yan sanda za su fi tsarewa da tambaya.

A nan ne bambancinku da abokan ajinku yake fitowa. A shari'ar Piazza an fara da gurfanar da mambobi 18, daga baya aka ƙara wasu. Ɗan ƙasa idan jami'a ta kore shi yakan koma gidan iyayensa, a ɗaukar masa lauya, bayan shekara ya nemi wata makarantar. Ku kuwa zamanku a ƙasar ya rataya ne a kan bizar ɗalibi, wadda sharaɗinta shi ne ku ci gaba da zama cikakkun ɗalibai. Kora daga jami'a na iya rushe izinin zaman, kama mutum da laifi na iya jawo soke bizar, tallafin karatu kuma yakan tafi da faɗuwar maki. Doka ta hana wanda bai kai shekara 21 ba sayen giya, ba shi ita ma laifi ne, alhali yawancin 'yan shekarar farko ba su kai ba. Ga kuma kuɗin ƙungiya, wanda kan kai ɗaruruwan daloli a kowane zango, a wasu gidajen ya haura dubu, ban da na riguna da tafiye-tafiye da tara. Kafin ku sa hannu ku juya wannan kuɗin zuwa naira ko sefa, ku tuna yadda aka haɗa kuɗin jirginku.

Wasunku za su ce su ba ta Turawa za su shiga ba, ta baƙaƙen fata za su nema. Tarihin waɗannan abin girmamawa ne, kuma hidimarsu ga al'umma a bayyane take. Shugabanninsu sun soke zaman gwaji a hukumance tun 1990, amma a wasu rassan abin ya koma ƙarƙashin ƙasa, inda duka ya fi giya yawa. A 1994 aka yi wa Michael Davis dukan da ya yi ajalinsa a reshen Kappa Alpha Psi na wata jami'a a jihar Missouri. Launin fatar masu gayyata ba ya ɗauke muku aikin bincike.

Mu 'yan Najeriya bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan da niyyar yaƙar ƙabilanci da girman kai. Daga baya aka yi ta samun ɓallewa da sababbin ƙungiyoyi, har abin ya zama ƙungiyoyin asirin da muka sani, waɗanda 'ya'yan ɗaya daga cikinsu suka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a ranar 10 ga Yuli, 1999. Ban ce na Amurka daidai suke da waɗannan ba, nisa ce mai yawa a tsakani. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne rantsuwar rufe baki da kuma sayen shiga da wahala, kuma mutum idan ya sha wuya kafin a karɓe shi yakan ga cewa shi ma haƙƙinsa ne ya shayar da na bayansa.

Idan duk da haka ranku na so, to kada ku karɓi tayi a zangonku na farko. Ƙofar ba ta rufewa, ana sake neman mambobi, kuma wanda ya yi shekara a makaranta ya riga ya ji labarin kowane gida daga bakin waɗanda ba su da riba a shigarsa. A Disambar 2024 aka sa hannu a kan dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i wallafa sunayen ƙungiyoyin da aka samu da laifin gallaza wa sababbin shiga, don haka ku buɗe shafin jami'arku ku duba reshen da ke zawarcinku. Ku nemi a rubuta muku duk kuɗin da za ku biya da duk abin da ake yi a zaman gwaji, dare da rana. Wanda ya yi dariya ya ce wannan sai an shiga ake sani ya riga ya ba ku amsa. Ku nemi wanda ya shiga ya fita ku ji dalilinsa, ku kuma gaya wa iyayenku, domin abin da mutum ke jin kunyar faɗa wa mahaifiyarsa a waya yawanci ya san hukuncinsa. Kaɗaicin da ke tura ku kuwa yana da wasu magungunan. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Jami'ar Illinois a 1963, tana da rassa a jami'o'i masu yawa, akwai ƙungiyoyin ɗaliban Afirka, akwai na sashen karatunku da na ƙwallo, har ma akwai Alpha Lambda Mu, ƙungiyar 'yan'uwantaka da ɗalibai Musulmi suka kafa a Jami'ar Texas da ke Dallas a 2013.

Wanda kuma ya riga ya shiga zaman gwaji ya ga abin da bai yarda da shi ba, ya sani cewa babu dokar da ta ɗaure shi, saƙo ɗaya ya ishe shi ya fita, kuma ofishin kula da ɗalibai baƙi wuri ne da zai iya kai kukansa. Idan kuma wani dare kuka ga ɗalibi ya sume, ba ya amsa kira, numfashinsa na yankewa, jikinsa ya yi sanyi, ko ya bugu a ka, kada ku yarda da masu cewa a bar shi ya yi barci zai warware. Ku juya shi a gefensa, ku kira 911 da wayarku ba tare da neman izinin shugaban gida ba, ku faɗi adireshin da abin da ya sha, ku zauna tare da shi har ma'aikatan lafiya su iso. Jihohi da jami'o'i da yawa suna da ƙa'idar sassauta wa wanda ya kira taimako ya kuma tsaya a wurin, har dokar da Pennsylvania ta yi da sunan Piazza a 2018 ta ƙunshi wannan kariyar, don haka ku karanta ta jami'arku tun a makon da kuka isa.